Yadda Ake Gano Dalilin Hayaƙi da Zafin Inji a Babur Kafin a Kwance Shi

Wata ranar Asabar cikin watan Afrilu na taso daga Rigasa zan je Kawo a kan Boxer ɗina. Ina hawa titin Nnamdi Azikiwe sai wani mai keke ya jero da ni yana nuna mini baya da hannu. Ko da na waiwaya, hayaƙi ne shuɗi-shuɗi yake bin bayana kamar an kunna wa ɗanyar ciyawa wuta, ga zafin inji yana dukan ƙaurina. Makanikin da na fara tsayawa wajensa ko durƙusawa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ringi ne, sai an sauke inji." Na ce to, bari in ƙara gaba. Wani dattijo a Tudun Wada kuwa da na tura masa babur ɗin, gejin baƙin mai ya fara zarowa, ya dube shi, ya dube ni. "Malam, wa ya yi maka sabis?" Ashe yaron da ya canja mini mai kwana biyu kafin nan bai bari tsohon ya gama tsiyayewa ba ya juye sabuwar lita a kai. Aka rage man, aka wanke soson iska, shi ke nan. Ringin nan, wato zoben da ke jikin fistin, sai da ya ƙara fiye da shekara yana aiki.

Tun ranar nake bin abin daki-daki, daga wanda ba ya cin ko kwabo zuwa wanda sai an kwance inji. Ga yadda ake yi.

Da farko, tsaya, kuma kada ka zuba ruwa

Idan ka ji inji ya ɗau zafin da ba ka saba ji ba, ko ya fara rage ƙarfi, ko kana jin ƙara a cikinsa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka ja totur, to sauka gefe ka kashe. Nemi inuwa, ɗora shi a kan babban sitan, ka ba shi minti 20 zuwa 30. Abin da mutanenmu suka saba yi shi ne a sayi ruwan leda biyu a fesa wa inji, a ji yana cuuu, a ce ya huce. Wannan ɓarna ce. Kan inji da fistin na alminiyom ne, hannun rigar da ke cikin bulok kuwa baƙin ƙarfe ne, ba sa buɗewa da tsukewa tare. Ka sanyaya waje farat ɗaya alhali ciki na tafasa, kan inji na iya lanƙwashewa ko ya tsage, gaskit ya fara yoyo. Ka gudu daga gara ka faɗa gidan zago ke nan.

Kana jiran ya huce, ka tabbatar daga ina hayaƙin yake fita. Wani lokaci ba daga bakin salansa ba ne sam. Baƙin mai na iya ɗigowa daga murfin bawul, wato 'yan ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi da ke kan inji, ya sauka kan wuyan salansa ya riƙa ƙonewa. Leda ma tana mannewa a jikin salansa ta narke, ka ji ƙauri ka ɗauka inji ne. Na taɓa ganin wanda igiyar robar da ya ɗaure buhun masara da ita ce ta kwanta kan salansa, shi kuma har ya fara lissafin kuɗin fistin. Duk gwajin da za ka yi da inji a kunne, yi shi a fili. Kada ka yi a zaure ko cikin shago a rufe, don hayaƙin fetur na ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa.

San irin injin da kake da shi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Tsofaffin babura masu shan man tu-ti, irin Suzuki da Yamaha na da, dama tare suke ƙona mai da fetur, don haka ɗan hayaƙi shuɗi ɗabi'arsu ce. Sai in ya yi yawa ne za a duba ko an cika man ko famfonsa ya kauce. Amma Boxer, Haojue, TVS da sauran waɗanda suka cika titunan Kaduna yanzu, baƙin mansu a ƙasan inji yake zaune, ba a yi shi don ya ƙone ba. Lafiyayyen irinsu in ya ɗumama, ba ka ganin komai a bakin salansa. Kuma kusan dukkansu iska ce ke sanyaya su ta waɗannan haƙarƙarin da ke jikin bulok da kan inji, sai baƙin mai da ke kwashe zafi daga ciki. Ba su da lagireto. Riƙe wannan, zai yi amfani in mun zo kan farin hayaƙi.

Zaro gejin baƙin mai

Babur a miƙe a kan wuri mai daidai, inji a kashe na 'yan mintuna. Zaro gejin, goge shi da tsumma, mayar da shi. A yawancin ƙananan babura ɗora shi kawai ake yi, ba a murɗa shi ciki. Sake zarowa ka duba. Abu huɗu kake nema.

In man ya yi ƙasa da layin ƙasa, ka riga ka samo rabin dalilin zafin. Waɗannan injuna kusan lita 1 kawai suke ɗauka, wasu ma 0.8 ko 0.9, saboda haka ƙarancin kofi ɗaya babban abu ne a wajensu. Tambayar da ta rage ita ce ina man ya tafi: ƙasa ya zube, ko ƙonewa yake yi? Duba inda kake ajiye babur ɗin da daddare, ƙasar wurin za ta gaya maka.

In ya haura layin sama, irin nawa ke nan. Ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji yana dukan man ya mai da shi kumfa, kumfa kuma ba ta sanyaya komai. Rarar kuma tana bi ta tiyon numfashin inji ta shiga akwatin iska, kafireta ta zuƙe ta, ta fito a hayaƙi. Haka ma in babur ya faɗi ya jima a kwance, mai kan gangara inda bai kamata ba, ya yi hayaƙi na ɗan lokaci ya daina da kansa.

Sai ka shinshina. In kana jin warin fetur a jikin man, kuma ya tsinke kamar ruwa, to kafireta ce ke ambaliya, fetur na sulalewa ta gefen fistin ya gauraya da mai, musamman ga wanda ba ya rufe makunnin tanki in ya ajiye babur. Man da fetur ya tsinka ba ya riƙe ƙarfe.

Na ƙarshe, murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu a cikin rana. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Amma in ka ga ƙyalƙyali kamar garin azurfa, wani abu na cin kansa a ciki. In kuma ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da ake yawan gani da damina bayan an kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi. Kada ka ƙara ko kilomita ɗaya da irin wannan man.

Yanzu tashe shi ka karanta hayaƙin

A nan gizo yake saƙa, don haka kada ka yi gaggawa. Sa wani ya riƙa jan totur, kai kuma ka tsaya a gefe ta baya, inda hayaƙin zai bi ta gaban wani abu mai duhu, kamar bango ko ƙofar shago, don ka ga launinsa sosai.

Farin hayaƙi mara nauyi da sassafe, musamman a sanyin Disamba da Janairu ko bayan an kwana ana ruwa, tururi ne kawai. Raɓa ce ta taru a cikin salansa. Ba ya nisa yake ɓacewa, ba shi da ƙauri, kuma cikin minti biyar ya ɗauke. In ka tara tafin hannu nesa kaɗan da bakin salansa za ka ji danshi, ba maiƙo ba. Wannan ba ciwo ba ne. Amma fa a babur mai sanyaya da iska, in "farin" hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, to ka ƙara dubawa, mai ne yake ƙonewa, hasken rana ne ya sa ka gan shi fari. Hancinka zai raba gardama, ƙaurin ƙonannen mai ba ya ɓuya.

Baƙin hayaƙi fetur ne ya fi iska yawa. Za ka ji warin ɗanyen fetur, idonka ya yi yaji, babur ya riƙa shaƙewa in ka ja, tanki kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke buƙatar a tuna masa abin da wannan ke nufi. Fara da cok, sau da yawa an manta shi a ja ne ko wayarsa ta maƙale. Daga nan sai soson iska, wanda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni ga mai bin hanyoyin cikin unguwa da ba kwalta. In duka biyun lafiya, to allurar da ke tsayar da fetur a kwanon kafireta ce ta ci, ko datti ya hana ta rufewa, ko wani ya buɗa jet, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi a kafireta, da waya. Baƙin hayaƙi shi ne mafi arha a gyara, kuma shi kaɗai ba ya cika kawo zafi.

Shuɗi ko ruwan toka mai nauyi, wanda ke tsayawa a iska yana bin ƙasa, baƙin mai ne. Sa yatsa a bakin salansa in ya huce: busasshen baƙi kamar gawayi na fetur ne, mai danƙo da maiƙo na baƙin mai ne. Abin da ya rage shi ne lokacin da yake fita, don ta hanya biyu baƙin mai ke bi ya shiga ɗakin wuta, ko ta sama ko ta ƙasa. In hayaƙin na tashin farko ne bayan babur ya kwana, ya yi bul sannan ya ragu, ko kuma yana fitowa lokacin da ka saki totur a gangara, kamar saukowa daga gadar Kawo, sannan ka sake ja, to 'yan robobin da ke wuyan bawul ne suka bushe, mai na zirarowa daga sama. Wannan gyaran kan inji ne kawai. In kuwa hayaƙin na ƙaruwa ne duk lokacin da ka ja, ya fi yawa a hawa ko da lodi, kuma bai damu da safe ko rana ba, zargi ya koma kan ringi da bulok. Ƙarin shaida: cire tiyon numfashin inji ka sa yatsa kusa da bakinsa. Ɗan huci kaɗan daidai ne. In yana fesowa da ƙarfi har da hayaƙi, wuta ce ke tsallake ringi tana sauka ƙasa.

Kuma ka lura yadda hayaƙi da zafi suke ciyar da juna. Inji na shan mai, mai ya ragu, zafi ya ƙaru, zafin ya kashe ƙarfin ringi ya busar da robobin bawul, shan man ya ƙaru. Shi ya sa wanda ya zo da su biyun tare yakan rasa wanne ya fara.

Kwance filogi

Bari inji ya huce tukuna, don zaren da filogi ke shiga na alminiyom ne, da zafi saurin lalacewa yake. Dubi farin tangaran ɗin da ke bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar ɓawon gyaɗa, lafiya lau. Baƙi busasshe, fetur ya yi yawa. Baƙi jiƙe da maiƙo, baƙin mai. Fari fat kamar alli, ko da 'yan ƙuraje a jiki, ko bakin ƙarfen ya fara narkewa, wannan shi ne abin tsoro: fetur ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, inji na ƙuna daga ciki.

Wannan matsala ta ƙaru a 'yan shekarun nan, kuma mu muke jawo ta. Mutum ya je wajen makaniki ya ce, "Oga, a rage mini shan mai," a matse kafireta, a sauke allura har ƙasa. Lita ta ƙara nisa kam, amma fetur ɗin da aka hana injin yana cikin abin da ke sanyaya kan fistin. A ganina ribar ba ta kai kuɗin fistin da bulok ba. Alamominta: babur ba ya son tashi sai da cok, yana harbi tas-tas a salansa in ka saki totur, silo ɗinsa, wato jujjuyawar inji in ba a ja totur ba, ya riƙa hawa yana jinkirin sauka. Ban da matsewar hannu, robar da ke haɗa kafireta da inji tana tsagewa ta riƙa satar iska. Lanƙwasa ta da yatsa ka duba tsaga, ka matse ɗaurinta. Jet ma kan toshe da dattin tanki ko na man 'yan bumburutu, wanda wani lokaci har kalanzir ko ruwa ake samu a ciki. Ba a bakin titi kaɗai ake gamuwa da gurɓataccen fetur ba. A watan Fabrairun 2022 an shigo da wanda sinadarin methanol ya yi wa yawa ƙasar nan har hukuma ta janye shi daga kasuwa. In matsalar ta faro ne daga fetur ɗin da ka sha na ƙarshe, tsiyaye tanki da kwanon kafireta kafin komai. Jet kuwa da iska ake hure shi, ba a zura masa waya. Wanda ya cire soson iska ya yar wai don babur ya ƙara gudu, shi ya haɗa biyu: ga ƙarancin fetur, ga ƙura na shiga tana goge bulok kamar sanfefa.

Kafin ka mayar da filogi, tabbatar lambarsa ita ce wadda kamfanin ya ce, ratar bakinsa kuma wajen milimita 0.6 zuwa 0.8. Filogin da bai dace ba shi kaɗai yana sa inji zafi.

Abubuwan da ke wahalar da inji daga waje

Wani zafin ba daga inji yake ba, wahala ce aka ɗora masa. A kan babban sitan, juya tayar baya da hannu, sannan ta gaba. In tana tsayawa nan take, birki na kamawa. Taɓa gangar birkin bayan tafiya, in ta yi zafin da ba ka iya riƙewa, ka kama ɓarawon. Sarƙa ta zama tana da wasa kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi a tsakiya. Duba iskar taya. Sai kuloci: in ka ja totur inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, yana zamewa ne, kuma da yake a cikin baƙin mai yake wanka, duk zafin zamewar cikin man yake zuwa. Man mota na zamani mai yawan santsi yana jawo haka. Nemi na babur, 20W-50 ko abin da littafin babur ɗin ya ce, mai alamar JASO MA a jikin robar, kuma ka buɗe hatimin da hannunka. Man awo da ake tsiyayowa daga durom ban yarda da shi ba ko kyauta ne.

Leƙa tsakanin haƙarƙarin bulok. Jar lakar damina in ta haɗu da maiƙo ta bushe a wurin, kamar ka lulluɓa wa inji bargo ne. Kankare ta da tsinke, ka wanke da inji a sanyi. Masu roba-roba irin wanda injinsa ke rufe da fanka a gefe, su duba fankar da murfinta, don in murfin ya fashe iska ba ta bin inda ya kamata. Kuma injin da iska ke sanyayawa sai yana tafiya yake shan iska. Tsayuwar minti goma a cunkoson bakin Kasuwar Sheikh Gumi da azahar a watan Maris, kana ta wasa da totur, ta isa ta gasa lafiyayyen inji. Kashe shi in ka ga tsayuwar za ta yi tsawo. Buhu uku da fasinja a giya ta sama a kan hawa kuma, wannan ba sai an yi bayani ba.

Bawul, da ko mai na hawa sama

Daga nan aikin ya fara son hannun wanda ya iya, amma ka tsaya a kansa. Da inji a sanyi, a buɗe 'yan murafen bawul a auna ratar da ma'auni, ba da kunne ba. A ƙananan injuna tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.10 take, gwargwadon samfuri. Da yawa suna matse ta don a daina jin kas-kas, mai babur ya ji daɗi. Bawul ɗin fitar hayaƙi kuwa sai ya zauna daram a mazauninsa yake sauke zafinsa. In an matse shi, ba ya rufewa sosai, ya ƙone, inji ya rasa ƙarfi, ya ƙi tashi in ya yi zafi. Ɗan kas-kas ya fi shiru.

Tun murfin na buɗe, a tashi injin na daƙiƙa kaɗan. Ya kamata ka ga mai na fantsama a wurin. In a bushe yake, a kashe nan take: ko rariyar mai da ke ƙasan inji ta toshe, ko famfon mai ya gaji, ko wani ya cika gam a gaskit ya toshe 'yar hanyar da mai ke bi ya hau. Na ƙarshen nan yakan faru jim kaɗan bayan an yi aikin inji.

Gwajin matsi, kafin a taɓa ko noti ɗaya na bulok

Cire filogi, toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kik, makulli a kashe kuma hular filogi nesa da hannunka. Lafiyayyen inji zai ture yatsan da ƙarfi, fuf. In makanikin na da agogon awo ya fi, a buɗe totur gaba ɗaya a buga kik sau biyar ko shida, a rubuta abin da ya nuna. Sannan a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi a sake. In awon ya haura sosai, man ne ya toshe ratar ringi na ɗan lokaci, ringi ko bulok ne suka ci. In bai motsa ba, yoyon ta bawul ne ko gaskit ɗin kai, ringi ba ruwansa. Gwajin nan bai fi minti goma ba, kuma shi ne ke raba tsakanin gyaran kan inji da sayen fistin.

Masu manyan babura masu lagireto, su nasu farin hayaƙin daban ne: in yana da kauri, ba ya ɗaukewa, ruwan lagireto na raguwa, ko kana ganin kumfa na tasowa a bakinsa, gaskit ɗin kai ya ƙone. A duba ko fanka na tashi. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan a matse yake, ya wuce digiri 100, fuska yake nema.

In ta tabbata sai an kwance

Ka sa a nuna maka cikin bulok. Ja farce a jikinsa: in farcen na maƙalewa a zane, ko akwai gaɓa a can sama inda ringi ke tsayawa, sabon ringi kaɗai ba zai yi ba, wata biyu hayaƙi zai dawo. Sai dai a rarake bulok a sa fistin na gaba, waɗanda ke zuwa a matakin 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00, ko a sa sabon hannun riga, ko sabon bulok ɗungurungum. A kankare gawayin da ya taru a kan fistin da kan inji, don shi ma yana riƙe wuta ya sa inji ƙarar nan irin ta tsakuwa a gwangwani. A canja robobin bawul tunda an riga an buɗe, kuɗinsu kaɗan ne. Wajen sa ringi, rubutun da ke jikinsu ya kalli sama, kuma a rarraba bakunansu kada su jeru a layi ɗaya. Kuma a gyara abin da ya kashe na farkon, ko soson iska ne ko kafireta, in ba haka ba sabon ma hanyar zai bi.

Bayan an haɗa, kada ka tsorata in ya ci gaba da hayaƙi na kwana ɗaya ko biyu, tsohon man da ya taru a salansa ne ke ƙonewa. Kilomita 500 na farko a tafi a hankali, ba lodi, ba dogon gudu a hanyar Zariya, a riƙa sauya giya. Daga nan a zubar da man a sa sabo, a sake auna bawul da inji a sanyi, a kwance filogi a ga ko ya koma launin ɓawon gyaɗa.